Baƙin Matoshi

Ƙarar ta zo kamar an tarwatsa kwalba a bango, sai warin ƙonanniyar roba ya cika gidan. Mai Kyamara ya zabura daga falo, ya fizgo makullin da ke rataye a wuyansa, ya buɗe ɗakin aikinsa. Kwamfutar da ya haɗa da hannunsa tana tuƙa hayaƙi. Shuɗin ruwan da ke zagayawa cikin bututunta yana sanyaya ta ya tsiyaye, ya malale a kan tebur.

Matarsa ce ta ruga ta kashe wutar gidan. Tukuicinta mari ne, wanda ya haɗa ta da bango.

"Me kika taɓa? Ke da kika karanta kimiyyar sinadarai amma ko shayi ba ki iya haɗawa!"

Ba ta taɓa komai ba, shi ma ya sani. Rabonta da ɗakin tun ranar da ya haɗa na'urar, da ya sa ta yini a tsaye riƙe da farantin sukurori da ƙananan ƙarafa, yana zaginta in hannunta ya girgiza. Ta share jinin leɓenta, ta wuce kicin, ta buɗe taga don hayaƙi ya fita, ta tokare ta da ɗan ƙarfen da ta saba tokare ta da shi.

A cikin na'urar akwai ayyukan mutane, amma ba su ne suka ɗaga masa hankali ba. Akwai hotunanta da bidiyon da ya ɗauka a ɗakin barci ba da saninta ba. Duk ranar da dukan ya ishe ta har ta ɗauki mayafi, sai ya kaɗa mata makullin nan. "Taka ƙofar mu gani. Kafin ki isa gida, babanki ya gama kallo a wayarsa." Bai yarda da intanet ba, bai yarda da kowa ba, don haka kwafi ɗaya tak ya ajiye, a nan ciki.

Abokinsa mai gyara ya iso yana haki. Ya kwance gefen na'urar, ya leƙa, ya yi fito. Ma'ajiyar bayanan tana daidai ƙarƙashin tankin ruwan, kusa da akwatin wuta, duk sun ƙone sun manne da juna.

"Mutumina, wannan sai dai jana'iza."

Ya bi sawun ruwan da yatsa har gindin tankin, ya murɗo wani baƙin matoshi. Bakinsa ya zaizaye, farin gari yana zuba daga jikinsa. Ya kankare shi da makulli, fari ya bayyana a ƙarƙashin fentin.

"Alminiyom ne aka shafa wa baƙin fenti. Sauran kayanka duk jan ƙarfe ne da tagulla. In suka haɗu a ruwa ɗaya, shi ne ke ruɓewa a hankali, wata da watanni, har ya huje. Wane ɗan iska ne ya sayar maka?"

Mai Kyamara ya sunkuci sifana mafi girma a akwatin abokin. Matar ta zube ta riƙe ƙafarsa.

"Don Allah maigida, ka bari ka huce."

Ya haure ta a haƙarƙari, ya fice.

Mai shagon da ya sayar masa da kayan kwamfutar yana cikin goge gilashin kanta lokacin da sifanar ta sauka. Gilashin ya tarwatse. Mai shagon ya rantse da Allah bai taɓa ajiye matoshin alminiyom a shagonsa ba, amma rantsuwar ba ta kai ƙarshe ba aka damƙi wuyansa aka buga kansa da ƙarfen kanta. Jini ya wanke masa fuska. Aka sake bugawa.

Nan maƙwabtan shago suka fito, wani da sandar ja ƙofa, wani da kujera. Sandar ta samu Mai Kyamara a hannu, ƙashi ya ce ƙas, sifana ta faɗi. Suka rufe shi da duka har ya daina zagi ya koma kiran uwarsa. 'Yan sanda ne suka ƙwace shi, suka jefa shi bayan mota, haƙoransa na gaba suna ƙasa cikin ɓaraguzan gilashi.

Mai gyara ne ya dawo mata da labari. Ya same ta zaune a bakin ƙofar kicin, dafe da haƙarƙari.

"Mai shagon fa?" ta tambaya.

"An ɗinke masa kai. Zai tashi."

Ta runtse ido na ɗan lokaci. "Na'urar kuma, da gaske babu abin da zai dawo?"

"Uwargida, ko aljani aka kira sai dai ya yi mana jaje."

Ta fashe da kuka, kafaɗunta suna rawa. Ya ba ta haƙuri, ya ce in sha Allahu mijin nata ba zai daɗe a tsare ba, ya tafi yana jinjina irin tausayin mata.

Kafin rana ta yi sanyi ta gama haɗa akwati. Ta ɗora takardar digirinta a saman kaya, ta yafa mayafi. Har ta kai ƙofa, sai ta juyo ta koma kicin, ta zare ɗan ƙarfen da ke tokare da taga, tagar ta rufo. Ta goge shi da gefen mayafi har ya yi ƙyalli, sannan ta jefa shi a jaka: matoshin tagulla ne, sabo fil, wanda ta musanya da na alminiyom a kan faranti ranar da ya sa ta yini a tsaye.