Harafin da Aka Tsallake

"Ba iska ba ce, Malam," in ji lokotoro, likitar asibiti, ta ajiye sakamakon gwajin jini. "Kai mai kwafar littattafai ne a Birni, ka san akwai mai bin baya yana gyara. Jiki ma haka yake. Sa'ad da ake gina ƙwaƙwalwar ɗanka a ciki, mai gyaran ya tsallake harafi ɗaya. Mafarin farfaɗiyar ke nan. Ba laifin kowa ba ne."

Shekara tara yana cewa matarsa ce ta ratsa duwatsu da almuru da tsohon ciki. Ta musa shekara biyu, a ta uku ta durƙusa ta amsa. Tun daga ranar bai sake yi mata kallon mutunci ba.

Da ya koma gida, ya tarar da ita tana shafa wa yaron mai a tabon ƙuna. Ya gaya mata, yana jiran kuka.

Ba ta ɗago kai ba.

"Ai na sani, Malam, ban fita ba. Na amsa ne don ka daina yawo da shi gidajen bokaye neman dalili, kowa yana ɗora masa wuta."