Surukin Bola

Nazeer na tsugune gaban kwandon shara, yana tsintar robobi yana zubawa a buhu don gasar tsaftace jami'arsu, sai ga wata dalleliyar mota ta tsaya. Budurwarsa Hafsah ce da mahaifinta, wanda bai taɓa gani ba.

Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Abba, shi ne Nazeer ɗin," in ji Hafsah, tana danne dariya.

Alhaji ya fito, ya leƙa buhun, ya haɗe rai.

"Kai, wa ya koya maka haɗa gwangwani da roba? Farashinsu ɗaya ne?" Ya naɗe babbar rigarsa, ya hau warewa. "Da bola na gina gidana na Maitama, yaro. Gobe ka turo magabatanka!"