Shirun Longji

Sadiyya ta tura akwatin fensiran kala gaban yaron, ta zauna a ƙaramar kujera daidai tsayinsa. Longji ya ɗauki shuɗi, ya jujjuya shi, ya mayar. Leɓɓansa a matse kamar kullum.

Shekararsa bakwai. A ƙarshen 2010 aka kawo shi makarantar firamaren da Sadiyya take aiki a garin Hyattsville na Amurka, inda ita ce masaniyar halayyar yara. Bai daɗe da zuwa daga Jos ba. Tun da ya shigo aji ba wanda ya ji muryarsa. An gwada kunnensa, lafiya lau. Lissafi yana cinyewa, rubutunsa tsaf. Ranar da wani yaro ya datse masa yatsa da ƙofa ma, hawaye kawai ya zubo.

Malamai suka ce Turanci ne bai iya ba. Sadiyya, mutuniyar Kano, ta gaishe shi da Hausa. Ya ɗago da sauri, sannan ya sa hannu ya toshe bakinsa.

Ta kira iyayensa. Uban, Choji, injiniya ne, matarsa Lizzy nas ce, ta zo da kayan aikinta a jiki. Suka ce a hannun kakarsa suka bar shi tun yana jariri, sai da rikici ya yi tsanani suka ɗauko shi. A gida yana magana, amma sama-sama.

"Yana wata nawa ya fara magana?" in ji Sadiyya.

Lizzy ta dubi mijinta. "Gaskiya na manta. Zan tambayi Atine, ita ta rene shi."

Atine mai aikin gidansu ce, 'yar ƙauyensu, tare da yaron ta zo. Ita ke rako shi da safe, ta gyara masa hula, ta tsaya a bakin shinge har sai ya shige. Ba ta taɓa taka harabar makarantar ba. Sau ɗaya Sadiyya ta gayyace ta ofis, ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a Malama, ni ba ni da Turanci."

Sadiyya ta ɗauka wani abu ya gani a rikicin da ya kulle masa baki. Har ta yi zargin mayafinta ne ke tsorata shi, ta miƙa shi ga abokiyar aikinta Constance, jami'ar walwalar ɗalibai. Bayan 'yan kwanaki Sadiyya ta same shi tsaye a ƙofarta, da kansa ya dawo.

Daga nan ta daina matsa masa. Suka riƙa gina gidaje da laka, tana ba shi labari da Hausa, yana gyaɗa kai. Ya fara nuna abin da yake so da yatsa. Wata rana dariya ta kuɓuce masa. Sai ya hango Atine ta taga ta zo ɗaukarsa, ya haɗiye dariyar nan take.

A watan Mayu yara suka yi katin ranar iyaye mata. Longji ya ƙi fita tara, ya zauna yana ta ƙawata nasa da furanni. Da Sadiyya ta haɗu da Lizzy a shagon kayan abincin Afirka tana zaɓen doya, ta tambaye ta ko katin ya burge ta.

"Wane kati?" in ji Lizzy.

Sadiyya ta ce ƙila ya ɓace a jaka. Yara kenan.

Da sanyi ya sake shigowa, Atine ta fara tari a bakin shinge. Ta rame, rigar sanyinta ta yi mata yawa. Sadiyya ta fita ta faɗa mata akwai asibitin da ba a tambayar takardu.

"Madam nas ce, tana ba ni magani," in ji ta. "Na gode, Malama."

Sai Choji ya fara kawo yaron a mota. Sai kujerar Longji ta zauna ba kowa. Lizzy ce ta kira, tana kuka har maganarta na sarƙewa. Atine ta rasu, ciwon huhu ne. Ta ƙi asibiti don tsoron a gano bizarta ta ƙare, kafin ta yarda lokaci ya ƙure.

"Ku lallaɓa shi don Allah," in ji Lizzy. "Ya shaƙu da ita."

Ranar da Longji ya dawo, bai je aji ba. Ya shigo ofishin Sadiyya da jakarsa a baya, ya zauna. Ba ta fito da kayan wasa ba. Ta ce masa ita ma ta yi kukan Atine, kuma ba sai ya ce komai ba.

"Malama."

Muryar siririya ce, a shaƙe. Sadiyya ba ta motsa ba.

"Wanda ya mutu, 'yan sanda suna iya kama shi?"

"A'a, Longji. Ba mai iya taɓa ta yanzu."

"Sun ce in bakina ya kuɓuce a makaranta, za a kama ta a mayar da ita Jos, ni kuma a ba wa Turawa ni. Shi ya sa na rufe shi."

"Ya kuɓuce da me?"

Ya goge hancinsa da bayan hannu, ya dube ta.

"To yanzu an yarda in ce mata Mama?"