Turaren Asabe

Tun da aka kafa wa kowane layi ƙararrawa mai shinshinar hayaƙi, doka ta ce in ta yi ihun banza sau uku, 'yan kwana-kwana za su daina zuwa layin sai shekara ta zagayo. Turaren wutar Asabe ne ya tayar da ta layinsu duk sau ukun, amma aka ɗora wa dutsen gugar Baba Ɗanjuma mai wanki laifin. Asabe ta yi gum.

Ran Talata shagonsa ya ƙone ƙurmus, ƙararrawa na ta ihu, babu wanda ya zo.

Asabe ta je jaje, ta tsuguna gefen toka.

"Sannu, Baba. Allah ya mayar da alheri."

"Ni na jawo mana, 'yata," in ji shi. Ya ja numfashi. "Kai, turaren nan naki akwai daɗi."