Fuskata a Cikin Cokali

Wata Asabar da rana, a gidanmu na Alexandria, muna jiran waya daga Kaduna. Kakata, wadda na ci sunanta, tana kwance a asibiti. Baba ya kasa zaune ya kasa tsaye. Can ya ɗauki cokali ya kawo daidai fuskata.

"Me kika gani, Uwata?"

"Kaina a ƙasa!"

"Don cikinsa ya lotsa ne. Da Latin ana cewa concavus, daga cavus, wato mai rami. In mace ce, concava."

Wayar ta yi ƙara. Ya daɗe yana saurare, sannan ya shaida mana rasuwar Kakata.

Daga ranar bai ƙara kirana Uwata ba. Har yau, in ina jiran waya, kife cokali nake yi.