Sarkin Mafasa Dutse da Bijimin Shekara

Zauna ka ji, tunda ka ce kuɗin bincike zubar da dukiya ne. Ni ban san ko bihim a boko ba, amma na san abin da ke cin mutum a bakin sana'arsa.

A wani gari na gindin tsauni an yi wani sarkin mafasa dutse. Mutanensa ƙarfafa ne, sai dai kafin furfura ta fito musu tari ya riga ta, irin wanda ke hana namiji hawa tudun ƙofar gidansa. Suna ce masa tarin gado. Shi ya kashe mahaifin sarkin, shi ma sarkin ya fara ji a ƙirji, ga 'ya'yansa maza sun ɗauki guduma. Al'adarsu kuwa, duk bayan kaka sai a yi karo-karo a yanka bijimi, a ci, a yi wa mamata addu'a. Wata shekara da aka jawo bijimin, sai sarkin ya dafa ƙahonsa ya ce, "Bana ba yanka. Mun gaji da cin nama a kan 'yan'uwanmu, ba mu taɓa tambayar me ya kashe su ba." Ya sa aka sayar, ya tafi birni da ƙafarsa, ya samo wata likita da ɗalibanta, ya ce ga kuɗin mota, ga na hoton ƙirji, su zo su zauna a bakin ramin fasa dutsen su gano masa sanadin tarin.

To, ka san mutane. Likita ta zo ba allura, ba ƙwaya, sai tambaya kamar alƙali: wa ke sara, wa ke niƙa, ina iska ke kaɗawa. Aka riƙa yi masa habaici a majalisa, wai sarki ya sayar da tsoka ya sayo surutu. Shekara ta zagayo ya sake sayar da wani bijimin, har ya biya wa 'yar wani mafashin dutse makarantar aikin lafiya. Can dai aka gano ashe garin dutsen ne ke kwanciya a huhu, ba gado ba ne. Aka koya musu jiƙa dutse kafin sara, da rufe hanci da abin da ya dace, da juya wa iska baya. Likitar ba ta ɓoye masa ba, ta ce nasa ƙirjin ya riga ya yi nisa. Ya ce, "Na sani, 'yata. Ai ba don kaina na kira ki ba." Ya rasu da tarinsa, amma 'ya'yansa sun tsufa da guduma a hannu, da numfashinsu suka yi wa jikoki huɗuba.

Kai kuma kana ƙyashin abin da za a ba masu tambaya. Ai tun kafin a haifi uwarka Hausawa suka gama magana: matambayi ba ya ɓata.