Fuskar Maƙiyi

Kanar Delcourt, tsohon sojan da ke kula da gidan tarihi, da kansa ya goge gilashin zane na goma sha bakwai da hankicinsa, don bai yarda hannun kowa ya taɓa shi ba.

Gidan tarihin soja na garinmu ɗaki uku ne kacal. Akwai igwa guda da tsatsa ta cinye, da takalman Jamusawa tara, duk na ƙafar hagu. Abin da ya hana hukuma rufe shi kawai wasu zane-zane ne na fensir guda ashirin da biyu. An tsince su a ma'ajiyar ofishin magajin gari, cikin akwati ɗaya da hulunan kwanon da sojojin Jamus da suka mamaye mu lokacin yaƙi suka zubar da za su gudu. Akawun da ya buɗe akwatin ya ba komai lamba, ya rubuta kati ɗaya: sojojin mamaya, ba a san mai zane ba. A gidan tarihi kuwa, in kati ya faɗi magana, ta zauna ke nan.

Babu na yabo a cikinsu. Ƙarti ne cikin zafin ƙarshen bazara, daga su sai singileti. Wani na barci baki buɗe a matakalar coci, biyu na dambe kan kwalbar giya. Na goma sha bakwai wani siririn saurayi ne yana tsallake shinge da kaza a hammata, ya waigo yana washe haƙora.

A kan wannan saurayin ne Kanar ya ƙare. Har littafi ya rubuta, mai shafi ɗari biyu. In an kawo 'yan makaranta, sai ya gyara gashin baki, ya turo tumbi, ya nuna da sanda.

"Ku dubi idon nan! Ku dubi goshin! Irin wannan fuskar ba a haifarta a Faransa. Ɓarawo ne tun daga cikin uwarsa."

Daga nan ya gangara zuwa labarin yadda shi, yana ɗan shekara ashirin da biyu, ya fara shigowa garin nan da rundunarsa ranar da aka 'yantar da mu. Mun ji labarin har mun haddace inda yake tsayawa ya yi tari.

Sai ga takarda daga Paris. Manya sun ce zanen da ba a san mai shi ba ba hujja ba ne. Ko a kawo shaida kafin bikin cika shekara arba'in da 'yanci, ko a kwashe su zuwa ma'ajiyar babban birni a garƙame gidan. Kanar ya tuna cewa in haka ta faru, babu abin da ya rage masa sai zaman gida da matarsa da lambun tumatir. Hankalinsa ya tashi ƙwarai.

Wata uku yana bin gida gida, har ya faɗa kan Madam Odile Marchais, tsohuwar tela da ke bayan gidan burodi. Ta saka tabarau, ta duba hotunan zane-zanen da ya kawo.

"Zanen hannuna ne. Amma Kanar, akwai wata magana."

"Ajiye ta sai ranar biki, Madam! Kunya ba taki ba ce, ke jaruma ce."

"Gara dai ka ji ta yanzu."

Ina! Ya riga ya kai ƙofa, yana lissafin kujeru.

Ranar biki gari ya cika. An zo da Janar guda, da wata ƙwararriya daga Paris mai ɗan littafi a hannu, wadda ko murmushi ba ta yi wa kowa ba. Kanar ya saka duk lambobinsa, har ƙirjinsa na ƙara in ya motsa. Ya yi jawabi na minti arba'in a gaban zane na goma sha bakwai, ya kira saurayin kura, ya kira shi ƙazami, ya ce da ya riske shi a lokacin, da hannunsa zai harbe shi. Aka tafa. Sannan aka zaunar da Madam Odile gaban lasifika.

Ƙwararriyar ta buɗe littafinta. "Madam, ke kika zana waɗannan?"

"Ni ce, duk ashirin da biyun."

"Da idonki kika gan su?"

"Ta tagar ɗakin ɗinkina. Kazar ma tawa ce, ita kaɗai ta rage mana. Shekara huɗu ina ɓoye ta ita da uwarta a ƙarƙashin matakala. Na yi kuka ranar, wallahi."

Janar ya girgiza kai don tausayi. Kanar ya share ƙwalla, ya dubi jama'a kamar wanda ya ci zaɓe. Saura tambaya ɗaya a sa hannu a takarda.

"Wace shekara ce ta mamayar, kuma ko kin san rundunarsu?"

Tsohuwar ta juya ta dubi Kanar, duban ban haƙuri, sannan ta matso da bakinta kusa da lasifikar don kada a ce ba a ji ba.

"Wace mamaya, 'yar nan? Bajamushe ko kallonsa ka yi sai ka sha mari, balle ka ɗauko masa fensir. Waɗannan namu ne, makon da suka 'yantar da mu. Rundunar kuwa ki tambayi Kanar, ga shi nan a zanen, riƙe da kazata."